Sawun da Iska Ta Bari

Kafin Mai Sawu ya iso, jama'a sun riga sun gama shari'a sun yanke hukunci, saura kawai a kawo motar da za ta ɗauki mai laifi. Haka mutane suke. Abu ya faɗo daga sama, kowa sai ya zama alƙali.

Abin da ya faɗo ɗin Tsaka ce. Ba ƙaramar halittar nan mai bin bango tana kama sauro ba. Wata na'ura ce mai ƙafa shida da kamfanin gyaran gine-gine ya kawo, tana hawa jikin dogon benen da ake sabuntawa tana kankare tsohon fenti, ma'aikata suka laƙaba mata sunan. Nauyinta ya kai buhun siminti. Da hantsi ta saki bango daga can sama, ta sauko a kan wani mai fenti da ke durƙushe yana haɗa kayan aikinsa. An kwashe shi zuwa asibiti ƙafafunsa ba sa motsi. Da aka hau rufin benen sai aka tarar an yanke tiyon da ke kai wa Tsaka iska, ga wuƙa a gefe, ga mai wuƙar zaune a kan bulo yana jiran a zo. Mai Igiya ne, yayan Mai Sawu uwa ɗaya uba ɗaya.

Matar yayan ce ta je ta ɗauko Mai Sawu da kanta. Tsakaninsu kullum tsokana ce, ba ta taɓa ganinsa ta ƙyale shi ba sai ta ce ya zo cinye mata abincin miji. Yau ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Ƙarami, sun ce ya amsa da bakinsa," ta ce, tana jan hannun rigarsa. "Mutumin da ko kaza ce sai ya kira maƙwabci ya yanka masa. Ka san ƙirjinsa. In suka rufe shi a ɗakin nan nasu, wallahi gawarsa za su miƙo mini."

Ya san ƙirjin. Shekarun da Yaya ya yi yana lilo a jikin gine-gine yana shaƙar ƙurar siminti sun bar masa tarin da ke durƙusar da shi. Wannan Yayan kuwa shi ya riƙe shi bayan rasuwar ubansu, shi ya ciyar da shi har ya zama mutum. Mai Sawu ya fara da bin sawun awakin da aka sace, yau kuma masu rumbunan kaya da 'yan sanda ne suke nemansa. Bai taɓa tafiya aiki gabansa yana faɗuwa ba sai ranar nan.

*

Sufeton da ke wurin ya san shi, sun sha aiki tare. Yana hango shi ya ɗaga hannu.

"Mai Sawu, yau ba na buƙatarka. Mai laifi ya amsa, ga wuƙarsa, ga shaidu sun ji yana cewa wata rana sai ya saki na'urar nan."

"Ranka ya daɗe, bar ni in duba ƙasa."

"Na san yayanka ne, shi ya sa zan bar ka. Amma motarmu tana hanya. Tana isowa zan tafi da shi, kuma in ya shiga hannun manya, ni kaina sai dai in gaishe shi daga nesa."

Injiniyar da ke tuƙa Tsaka tana zaune a kan bokitin fenti, hular kwano a cinya, akwatin sarrafa na'urar har yanzu rataye a wuyanta. Ta yi masa bayani dalla-dalla. A bayan benen, in ji ta, akwai rumfar kwamfuresa, injin da ke matse iska a cikin tanki. Daga nan tiyo yake bin matakala ya hau rufi, ya sauko ya shiga bayan Tsaka. Kowace ƙafa tana da kofin roba a bakinta. Matsattsiyar iskar in ta wuce da gudu ta wani siririn bututu a kan kofin, sai ta zuƙe iskar da ke cikinsa, kofin ya manne da bango. Iska ta yi rauni, ƙafa ta yi rauni, magana ta ƙare.

"Ba ta da igiya?" Mai Sawu ya tambaya.

"Tana da ita, aikin yayanka ke nan, yana rufi yana riƙe da igiya da tiyo. Amma in za ta juya kusurwa ta koma ɗaya bangon, dole ya cire ƙugiyar daga wannan ƙarfe ya kai wancan. Sai ya busa usur, kowa ya san iska ce kaɗai ke riƙe da ita, rabin ƙafafunta kuma a sama suke. A nan ta faɗi." Ta shafa akwatin da ke wuyanta. "Ina kallon allurar da ke auna iska. Ba ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ba, ta sauka ne rabi, kamar mai gyangyaɗi. Na gaya wa Sufeto, ya ce a ruɗe nake. Wataƙila ma a ruɗen nake."

"Daga nan fa?"

"Na ruga na kashe wutar gidan duka, na koma muka kama mai fentin."

"Wa yake kula da kwamfuresa?"

"Tilo, ɗan yayan naka. Mu Mai Iska muke ce masa, in an so jan faɗa a canja kalmar farko." Ta yi ɗan murmushin da bai kai ko'ina ba. "Matarsa ce ke naƙuda, aka kira shi, ya tafi asibiti tun kafin abin ya faru. Injin yana iya riƙe kansa na ɗan lokaci."

Mai Sawu ya ce to, ƙafarsa ta riga ta fara tafiya. Shi dai zama ba ya cikin halinsa ko da lafiya, balle yau.

*

An ajiye Yaya a ɗakin mai gadi, ankwa a hannu, yana zaune a bakin gadon katako. Ya ɗago ya ga ƙaninsa, fuskarsa ta ɓaci kamar an kawo masa mugun labari.

"Wa ya kira ka?"

"Matarka. Yaya, me ya sa ka yanke tiyon?"

"Na gaji da riƙe wa ƙarfe igiya. Ni da na hau gidajen garin nan da hannuna, aka sallami abokan aikina, ni aka bar ni ina yi wa na'ura raino. Na yanke. Je ka gaya musu."

"Ka san akwai mutum a ƙasa?"

Tari ya sarƙe shi. Ya daɗe yana yi, kansa tsakanin gwiwoyinsa, Mai Sawu yana tsaye ya rasa inda zai sa hannunsa. Da ya lafa, maimakon amsa sai ya kalli ƙofa.

"An ji labarin asibiti?"

"Wanne? Na mai fenti ko na surukarka?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Koma gida, Ƙarami. Ba a sace akuyar kowa a nan ba."

Maganar ta yi masa zafi, kuma don ta yi masa zafin aka faɗe ta. Ya juya ya fita. Abu ɗaya dai ya tabbatar: duk lokacin da Yaya ya zage shi haka, akwai abin da ba ya so ya gani.

*

Gindin bangon ya sha tattaki. Farar ƙurar da Tsaka ke kankarowa ta rufe ko'ina kamar an barbaɗa gari, kuma duk wanda ya taka ya bar shaida. Mai Sawu ya tsuguna yana bi da ido. Ga inda mai fentin ya kwanta. Ga ƙafafun da suka rugo da gudu, yatsu sun nutse, dunduniya ba ta taɓa ƙasa ba. Ga su kuma suna komawa wajen ƙofa a jere, sun yi nauyi, suna ɗauke da mutum. Tsaka tana gefe a kife, kofunan robarta suna kallon sama.

Yankakken tiyon yana shimfiɗe a wurin, dogo, a lanƙwashe. Ya ɗaga shi a hankali ya leƙa ƙarƙashinsa. Sawun masu gudu ne a ƙasa, da na masu ɗaukar mara lafiya, tiyon yana kwance a kansu. Ya bi shi daga kai har wutsiya, babu inda takalmi ya taka shi. Mutum nawa suka yi turmutsitsi a nan, a ce ba wanda ya taka tiyo mai wannan tsawon? Tiyon nan bai faɗo tare da Tsaka ba. Ya faɗo ne bayan kowa ya tafi ƙofa da mai fenti, wurin ya zama babu kowa.

Ya ji wani sanyi a ransa. Ashe Yaya ƙarya yake yi. Sai dai sanyin bai daɗe ba, don mutum ba ya ɗaukar wa kansa irin wannan kaya haka kawai.

A lungun da ke bin gefen benen ya ga wani sawu dabam. Kowa a wurin takalmin kamfani yake sawa, wannan kuwa silifa ce, mai ita dogo ne, takunsa da faɗi. Mai gadi bai jira an gama tambayarsa ba.

"Dogo ne! Ai na gan shi da safe. Yana cikin masu igiyar da aka sallama, tare suka yi aiki da yayanka tun suna samari. Ni dama na faɗa, wannan aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Na faɗa ko ban faɗa ba?" Ya juya yana neman shaida a wajen 'yan kallo, su kuma nan take suka sauya hukunci, Dogo ya zama mai laifi.

Mai Sawu ya so hakan ya zama gaskiya, ya so ƙwarai. Ya tsallaka titi kusan da gudu, ya tarar da Dogo a rumfar mai faci, zaune a kan tsohuwar taya.

"Na shiga," Dogo ya ce, ko a jikinsa. "Na je in tambayi yayanka ko za a ɗauki masu wanke tagogi. Na ga yana sama, na tsaya na ɗaga kai na kalli abar nan tana tafiya a bango, na tofar da yawu na fito. Tofar da yawu laifi ne?"

"Lokacin da ta faɗi kana ina?"

Mai faci ne ya amsa, bai ko ɗago daga tayar da yake dannawa a ruwa ba. "Yana nan a kaina yana koya mini aikina. Da muka ji ƙarar, shi ya fara cewa inna lillahi."

Dogo ya miƙe, ya fi Mai Sawu tsawo nesa ba kusa ba. "Ka ji ni da kyau. Yayanka zai zagi na'urar nan daga safe har yamma, amma ba zai saki komai a kan ɗan Adam ba, mai igiya ba ya yin haka. In kuma kana tunanin ni yake rufa wa asiri, to ba ka san shi ba. Mutumin da ko ruwan gorarsa na sha sai ya yi mini gori? Ba zai kwana a ɗaure domina ba."

"To domin wa?"

Tambayar ta fita daga bakinsa kafin ya riƙe ta. Dogo ya dube shi, ya kawar da kai, ya koma kan tayarsa.

*

Iska ta fara kaɗawa, hadari yana haɗuwa daga gabas. Mai Sawu ya shiga benen ya kama matakala. Sawun Yaya ba ya ɓoye masa, ya girma yana binsa. Ga hawansa na safe, taku a natse. Ga shi kuma yana saukowa, yana tsallake matakala, hannunsa ya share ƙurar bango inda ya kusa faɗuwa. Tsoho mai ciwon ƙirji ya yi wannan gudun! Sai ga shi ya sake hawa, a hankali, yana tsayawa a kowane hawa yana dafa bango. Sufeto ya ce a rufi aka same shi, bai sauka ba. Ya sauka, ya kuma koma.

A kan rufin ya je ya tsaya a kusurwar da Yaya yake tsayawa, tsakanin ƙarafunan nan biyu na ƙugiya. Ya leƙa dama, ga inda Tsaka ta faɗi. Ya leƙa hagu, ga bayan gida, ga rumfar kwamfuresa, ga ɗan filin da ke gabanta tar kamar a tafin hannu. Duk wurin nan mutum ɗaya ne idonsa yake kaiwa ɓangarorin biyu.

Saukowarsa bai san yadda ya yi ta ba.

Cikin masu turmutsitsin ba wanda ya je bayan gidan tun da abin ya faru, don wutar ma daga gaba aka kashe ta. Kwamfuresa tana tsaye shiru. A jikin tankin, ban da babban tiyon, akwai wani ɗan guntu mai famfo a baki, yana yashe a ƙasa. Mai Sawu ya san shi, duk wanda ya taɓa shiga gareji ya san shi. Bindiga suke ce masa. Da shi ma'aikata suke kaɗe ƙura daga jikinsu in an tashi, a jeru ana yi wa juna ana dariya.

Gaban rumfar duk fari ne da ƙura, ban da wuri ɗaya. Wani kewaye mai faɗin tabarma an share shi ƙal, simintin ƙasa yana baƙi. A tsakiyarsa kuwa ga sawu biyu. Duk rayuwarsa sawun da ya sani nutsewa yake yi a cikin ƙasa. Waɗannan tasowa suka yi. Mutum ne ya tsaya ya nuna wa wandonsa bindiga, iska ta kwashe ƙurar da ke kewaye da shi, ta bar wadda takalminsa ya danne, ƙafa biyu farare a kan baƙin siminti.

Ya ɗaga kai. Bangon da Tsaka ta kankara tun safe yana bisa kansa, ƙurarta a nan take sauka. Ya shafa baƙin simintin da yatsa, yatsan ya fito da tsabta. Da mai kaɗe jikin ya tafi ya bar Tsaka tana aiki, da ƙura ta sake rufe wurin kafin ya kai bakin titi. Ba ta rufe ba. Lokacin da aka matsa bindigar nan shi ne lokacin da Tsaka ta daina aiki.

Sai a sannan ya yarda ya dubi ƙafafun da kyau. Ta dama a miƙe take. Ta hagu ta karkata waje, tun karayar da mai ita ya yi yana ƙarami, ranar da ya faɗo daga katanga, shi Mai Sawu ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shi ɗori. Ya san sawun nan tun bai kai tafin hannunsa ba. Daga gefen kewayen ga takun Yaya ya iso, ga su biyun sun nufi ƙaramar ƙofar baya, ɗaya yana tura ɗaya, ga Yaya ya dawo shi kaɗai.

Mai Sawu ya zagaya rumfar, ya dawo, ya sake zagayawa. Tankin akwai sauran iska a cikinsa. Ya ɗauki bindigar, yatsansa a kan famfon. Matsa ɗaya, ƙafa biyun nan sun tafi, Tilo ya zauna da matarsa da abin da ta haifa. Kuma shi ne abin da Yaya yake so, shi ya sa ya hau matakalar nan da ƙirjinsa ya yanke tiyo da wuƙarsa. Amma wanda ya yi sakaci dabam, wanda ya saki ƙarfe a kan mutum da gangan dabam. Tilo matashi ne, zai shiga ya fito. Yaya in ya shiga, ba zai fito da ƙafarsa ba. Ya tsani ƙasar nan da ba ta iya rufe baki, ya tsani idonsa.

Wata iska ta taso ta ɗaga kwanon rumfar. Ya ajiye bindigar, ya jawo baro ya kifa a kan sawun.

*

Motar 'yan sanda ta iso, an fito da Yaya. Tilo ma ya dawo, uwarsa ce ta kira shi a waya, yana tsaye kusa da ita a bakin ƙofa idanunsa jajur. An samu mace, in ji uwar, tana faɗa tana kuka, ita kanta ba ta san kukan wanne take yi ba.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a zagayo baya," Mai Sawu ya ce wa Sufeto. "Da yayana, da Injiniya, da mai gadi, da Dogo, da iyalinsa. Ba zan ɓata maka lokaci ba."

Suka tsaya cirko-cirko a gaban rumfar. Mai Sawu ya fara da tiyon da ke kwance a kan sawun mutane, Sufeto ya tura ɗan sanda ya je ya dubo, ya dawo ya gyaɗa kai. Sannan ya nuna ɗan guntun tiyon da ke ƙasa ya dubi Injiniya.

"In aka matsa wannan Tsaka tana bango, me zai faru?"

Ta dafe kai. "Na sa an cire abin nan ya fi a ƙirga, ina juya baya su mayar. Injin ƙarami ne, da ƙyar yake isar ta. In aka matsa, iska za ta rabu biyu, allura ta sauka rabi." Ta tsaya. "Rabi. Ashe ba a ruɗe nake ba. A miƙaƙƙen bango za ta iya jurewa, ga igiya kuma. A kusurwa ba za ta iya ba."

"Wa ya gaya miki mai kula da injin ya tafi kafin abin ya faru?"

Ta juya ta kalli Yaya. Mai gadi ya fara cewa shi dama bai ga fitar kowa ba, Sufeto ya ce ya rufe masa baki.

Mai Sawu ya kama hannun baron ya ɗaga. Ya yi bayanin ƙura da bango da baƙin siminti, muryarsa kamar ta wani. Sufeto ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Na gane," ya ce. "To ƙafar wa?"

Mai Sawu ya ajiye baron a hankali. Ya gaya wa mutane da yawa ƙafar wa, a kasuwa, a gaban iyayensu, bai taɓa jin komai ba.

"Tawa ce!" Yaya ya daka tsawa. Ya fizge daga hannun ɗan sandan ya yi kan sawun zai shure shi, da ankwa da tari da komai. Saura kaɗan ƙafarsa ta kai, Tilo ya sha gabansa ya rungume shi.

"Baba, ya isa."

"Matsa mini! Na ce maka ba ka nan!"

"Ina nan, Baba."

Ya zaunar da uban a kan bulo. Ya juya ya taka cikin baƙin kewayen a hankali, ya ɗora ƙafar dama a kan ta dama, ta hagu a kan ta hagu. Ba wanda ya buƙaci a auna.

"An kira ni an ce ta kusa," ya ce, yana kallon ƙasa. "Na dubi jikina fari fat, na ce ba zan ɗauki ɗana da wannan ƙurar ba. Waya tana kunnena, ban ji usur ba. Kullum muna yi, ba abin da yake faruwa." Ya ɗago kai. "Ina can asibiti aka wuce da mai fenti ta gabana, matarsa tana bin gadon. Aka miƙo mini jaririya na kasa karɓa."

Uwarsa ta zube a ƙasa ba tare da ta yi ƙara ba. Dogo ya cire hularsa ya rasa abin da zai yi da ita.

Sufeto ya sa aka kwance ankwar daga hannun uban. Bai sa wa ɗan ba, ya dai kama shi a kafaɗa. Ya gaya wa Yaya cewa maganar tiyo da ƙarya tana nan, za a neme shi, amma yau ya je gida ya kwanta. Tilo da zai wuce ya tsaya a gaban Mai Sawu.

"Baba Ƙarami, ka leƙa min su a asibiti."

"Zan je."

*

Motar ta tafi, 'yan kallo suka watse suna cewa su dama sun sani. Yaya ya ɗaga matarsa, ya riƙe ta suka fito titi. Yana tafiya da ƙafarsa, ba ankwa, zai kwana a ɗakinsa kusa da maganinsa. Abin da aka ɗauko Mai Sawu ya yi ke nan, kuma ya yi.

Ya bi bayansu, yana neman abin da zai ce. Da suka kai kwanar titin ya matsa kusa.

"Yaya, da sun rufe ka, da ba ka kai..."

Yaya ya tsaya. Bai juyo ba. Ya jira tarin ya wuce, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa, babu faɗa a ciki.

"Na raine ka, ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ɗaya na ce ka koma gida."

"Yaya..."

"Kada ka biyo ni."

Mai Sawu ya tsaya a inda yake. Yana kallo suka tsallaka titi, tsoho da tsohuwa, suka shige cikin mutane.